Bara da Barra

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a Madina ba, kuma ko na so in manta, 'ya'yana ba za su bar ni ba. Duk wanda ya zauna da ni ya san ba ni da hayaniya. Ko tsawa na yi wa yaro, sai ya matso kusa ya tambaye ni me na ce. Amma a safiyar nan, a gaban mijina da wani baƙon namiji da ke riƙe da zamanmu a hannunsa, na yi abin da har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Bari in faro daga tushe. Mun baro Kano ni da mijina Malam ina goye da 'yata ta fari. Muka yi aikin Hajji, muka zo ziyara Madina, daga nan ƙafar Malam ta ƙi komawa. Ya samu aiki a gonakin dabino na Awali yana gyaran injinan ban-ruwa, muka kama haya a unguwar Bani Harisa. Sauran yaran uku duk a nan aka yanke musu cibi. Ka yi musu magana da Hausa, su gane sarai, su mayar maka da Larabci. Da iƙama muke zaune, wato takardar izinin zaman baƙo, kuma duk sanda lokacin sabunta ta ya matso sai Malam ya rage cin abinci. Shi ya sa da shekarunmu na zama suka cika, a farkon shekarun tamanin na boko, ya shigar da takardun neman jinsiyya domin mu zama 'yan ƙasa. Fayil ɗaya ne, da sunansa da nawa da na yara.

Akwai sharaɗi guda da kowa a unguwarmu ya haddace. Wanda ya shigar da takardu, idan ya fita da fasfonsa na gida ya wuce shekara guda barra, to duk shekarun da ya tara sun goge, sai ya faro daga farko. Barra a bakin Larabawa shi ne waje, ko wajen ɗaki ko wajen ƙasa. (Ita ce kuma kalmar da ake daka wa kyanwa idan ta shigo kicin, ko yaron da ya ishi mutane da ɓarna.) A lokacin ban saurari sharaɗin da kunne biyu ba. Ina zan je? Ni da ko Jurf, nan gefen gari, sai biki ke kai ni.

Sai ga yayana ya zo sauke farali, ya biyo ta Madina kafin Hajji. Ya zauna a tabarma ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, kafin ya ce Inna tana kwance kuma sunana take kira. A satin nan Malam ya nemo mini bizar fita da dawowa. Amma ba zan yi tafiya ni kaɗai ba, dole na jira Yaya ya gama aikin Hajjinsa mu tafi tare. An buga bizar kafin Hajji, ni kuwa ban fita ba sai ƙarshen watan Babbar Salla. (Ku riƙe wannan tazarar, ita ta hana ni cin abinci daga baya.) Da Malam zai sa mu a mota sai ya ce, "Wata biyu, Hajiya. Idan ya yi yawa, uku."

Ciwon Inna irin wanda ba ya sakin mutum ne kuma ba ya sauri. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu da cokali. Duk ranar da na ce zan fara haɗa kaya, sai ta kama bakin zanena ta ce in bari jikin ya ɗan yi ƙwari. Wata biyu ya zama biyar ban san yadda aka yi ba. Malam ya yi ta zirga-zirga a nan har ya samu aka ƙara mini wa'adin biza, kuma yana aiko mini da saƙo a kaset ta hannun masu Umra. Idan kaset ya zo, gidan gaba ɗaya ake taruwa a kunna. Malam ya gaida Inna, ya gaida kowa har da wanda ya rasu bai sani ba, yara su yi ta "Ummi, Ummi" a baya, sannan ya gyara murya ya ce, "Yanzu Hajiya ta ɗauki rediyon ta shiga ɗaki." A ɗakin kuwa maganar guda ce kullum: shekara, shekara, kada ta cika.

Ni kuma ina ji da kaina, domin na yi ajin yaƙi da jahilci kafin mu bar Kano, na iya karatun kalanda. Akwai wata rataye a ɗakin Inna, da ita nake lissafina, ina ganin ina da sauran fili. Sai wani kaset ya zo, Malam ya ce yana fatan ba da watan Bature nake ƙirge ba, domin a Madina da watan Hijira ake aiki, kuma shekarar Hijira ta fi gajarta. Na kashe rediyon na kalli kalandar nan kamar ta ci amanata.

Inna ta rasu bayan Ƙaramar Salla da 'yan kwanaki. Na tsaya aka yi sadakar arba'in, domin ban ga fuskar da zan tafi da ita kafin nan ba. Da na tashi dawowa kuma lokacin alhazai ya yi, jirgi ya cika, kujera ta yi wuya. Da ƙyar na samu na biyo wani ƙanin babana. Na sauka Jidda watan Babbar Salla ya riga ya kama.

Matan unguwa suka zo mini ta'aziyya, amma ba a daɗe ba ta'aziyyar ta koma zaman shari'a. Kowa ta zama alƙali. Wata ta ce ai wata shida ne iyaka, na riga na ƙone. Wata ta ce shekara ce, amma daga ranar da aka buga biza ake farawa. Wata ta ce a'a, daga ranar da aka buga hatimin fita a filin jirgi. Na zauna da Malam muka duba. Idan daga ranar fita ne, ina ciki da ƙiris. Idan daga ranar biza ne, na wuce. Kuma abin da kowa ta yarda da shi shi ne, idan na wuce za a cire sunana daga fayil, Malam da yara su zama 'yan ƙasa, ni in ci gaba da zaman baƙuwa a gidan 'ya'yan da na haifa, in faro shekaru daga farko. Wata ma ta ce tana da labarin wadda aka mayar gida gaba ɗaya. Ban tambaye ta sunan matar ba, tsoro nake kada ta kasance da gaske.

Bayan 'yan watanni, sabuwar shekarar Hijira ta riga ta shigo, aka aiko cewa ana neman mu a ofis, kuma musamman ni za a yi wa tambayoyi.

A nan Hajiya Kaltume ta shigo maganar. Maƙwabciyarmu ce, haifaffiyar Madina, kakanta da ƙafa ya zo ta Sudan, jinsiyya kuwa gadon ta ta yi. Ta ce ba za ta bari in je in zubar da kaina ba, sai ta horar da ni. Ta ɗora tawul a kanta kamar rawanin Larabawa, ta zauna a kan buhun shinkafa, ta haɗe rai tana yi mini tambayoyi. Larabcina na kasuwa ne da na maƙwabta, ya ishe ni sayen tumatir da gaida mara lafiya, amma bai taɓa shiga ofis ba. Ta ce kada in faɗi abin da ba a tambaye ni ba. Ta ce babbar tambayar ita ce yaushe na dawo, ta koya mini amsar: "As-sana illi fatat, awwal Zul-Hijja," wato shekarar da ta wuce, farkon watan Babbar Salla. Sannan ta nuna ni da yatsa.

"Kuma ki ɗaga murya, Ummu Habib. Fuskarki a rufe za ta kasance, muryar kawai za su ji. Idan suka ji kina noƙe-noƙe sai su ce ƙarya kike."

Na yi ta maimaita jimlar nan ina wanki, ina tuƙa tuwo, ina shanya. Har ƙaramar 'yata ta haddace, tana rera ta tana tsalle a tsakar gida.

Ranar da za mu je ban iya haɗiye komai ba sai ruwan shayi. Malam ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Muka zauna a benci har aka kira mu. Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru biyu a gabansa, ƙofa a bayanmu, da mukayyif a taga, injin sanyaya ɗaki, yana ta kaɗa ƙarfe kamar zai faɗo. Jami'in ba tsoho ba ne, siriri mai gilashi, fuskarsa ba fushi ba fara'a. Fayil ɗinmu na gabansa, fasfona a kai. Malam ya fara bayani tun kafin ya gama zama, jami'in ya ɗaga masa hannu ya ce shi ya yi shiru, ni ake tambaya, kuma kada ya sa baki.

Ya tambayi sunana da na mahaifina, na faɗa. Ya ce in ɗaga murya. Ya tambayi yara nawa ne, na faɗa, ya sake cewa in ɗaga murya, ya nuna mukayyif ɗin. Sannan ya buɗe fasfo yana juya shafuka a hankali, ya tsaya a wani shafi, ya koma baya, ya dawo. Ina kallon yatsansa ta cikin niƙabi. Ya tambayi me ya kai ni gida. Na ce mahaifiyata ce ba lafiya, kuma ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta. Ban zaci wannan daga bakinsa ba, kuma shi ya ƙarasa ni. Na ga fuskar Inna, na ga hannunta a bakin zanena.

A daidai nan ya yi babbar tambayar. "Mita rija'ti?" Yaushe kika dawo?

Na nemi jimlar Hajiya Kaltume sama da ƙasa, babu ita. Jimlar da na yi wanki da ita, na tuƙa tuwo da ita. Larabcin gaba ɗaya ya tattara ya bar ni, har na tumatir ɗin. Abin da ya rage a bakina Hausar Inna ce, sai na ji na ce, can ƙasa, "Bara."

Ya karkato kunne ya ce, "Na'am?"

Sai na tuna da yatsan Hajiya Kaltume. Mutumin nan ya ce in ɗaga murya har ya gaji, yanzu zai ce ƙarya nake. Na tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Kuma kun san yadda Bahaushe yake idan yana maganar abin da ya wuce, sai ya wurga hannu ta bayan kafaɗa. Hannuna ya fito daga abaya da kansa, ya nuna baya, inda ƙofa take.

"Bara!"

Jami'in ya ɗago kai. Ya cire gilashinsa ya ajiye a tebur yana kallona. Mai hankali da a nan za ta tsaya. Ni kuwa na ɗauka har yanzu bai ji ba ne, saboda ƙarar mukayyif. Na ƙara wurga hannun, na ƙara murya.

"Bara! Bara!"

Na ji Malam ya ja salati a hankali a gefena. A lokacin ne kalmar ta dawo mini ta ɗaya kunnen, kunnen da ya shekara da shekaru a Madina. Ni, matar mai gyaran inji, baƙuwa mai iƙama, na zo roƙon a bar ni in zauna a ƙasar mutane, na nuna wa jami'in gwamnati ƙofar ofishinsa na daka masa abin da ake daka wa kyanwa.

Hannuna yana nan a sama, na ma kasa saukewa.

Jami'in ya dube ni, ya dubi ƙofar. Ya mayar da gilashinsa, ya rufe fasfo, ya ɗora a kan fayil, ya miƙe da su a hannu. Ya zagayo tebur, ya wuce ta gefena, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Muka zauna ni da Malam kamar waɗanda aka dasa. Can ya juyo ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba ni labarin wani gari, "Hajiya, kin kore shi." Na ce bara na ce, shekarar bara. Ya ce ya sani, shi Bahaushe ne, amma ba shi ke riƙe da fayil ba. Na yunƙura zan bi mutumin in ba shi haƙuri, Malam ya riƙe gefen abayata ya ce in zauna, na yi wanda ya isa na yau.

Ban san iya tsawon zaman nan ba, amma a cikinsa na gama shirya komai. Na ga an shigo da 'yan sanda. Na ga kaina a jirgi, na sauka Kano, na shiga gidan da babu Inna. Na raba yaran: babbar za ta iya girki, ɗana Habib zai riƙa kai ƙannensa makaranta, ƙaramar kuwa ban san wa zai yi mata kitso ba, a nan hawaye suka fara jiƙa mini niƙabi. Duk wanda ya wuce ta bakin ƙofa sai na waiga. Malam yana ta jan carbi, ina jin ƙarar ƙwayoyin suna sauri fiye da yadda ya saba.

Da ƙofar ta buɗe, mutum biyu ne suka shigo. Jami'in, da wani dattijo baƙi mai furfura a gemu, wanda daga yadda jami'in ya ba shi kujera na gane shi ne babba. Dattijon ya dube mu, ya ce da wata irin Hausa mai tauri kamar an daɗe da ajiye ta a akwati, "Sannu Hajiya. Lafiya lau." Shi ya yi gaisuwar, shi ya amsa wa kansa. Sannan ya koma Larabci ya tambaye ni me na gaya wa abokin aikinsa. Malam ya buɗe baki, dattijon ya ce a bar ni in faɗa.

Muryata ta koma inda ta saba. Na ce, "Bara na ce, Alhaji. Shekarar da ta wuce. Bara, bana, baɗi."

Dattijon ya gyara zama. Ya maimaita a hankali, "Bara, bana, badi," harshensa ya kasa kama ta ƙarshen. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya kama gefen mayafin kansa yana goge ido. Ya ce rabonsa da jin kalmomin nan a jere tun kakarsa na da rai, ita ma haka take wurga hannu baya idan tana ba da labari. Ya juya ya yi wa jami'in bayani. Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce shi a kan kujerar nan an roƙe shi, an yi masa kuka, an ma taɓa yi masa baki, amma ba a taɓa korar sa ba, kuma tunda uwa ce ta ce ya fita, bai ga dalilin musu ba. Ya ƙara da cewa da ma dole ne ya kai fasfon wurin babba, saboda kwanan watan ya matse.

Sai dariyar ta tsaya, aka dawo kan abin da ya kawo mu. Dattijon ya jawo fasfon, ya sa yatsa a kan hatimi ɗaya, ya juya shafi ya sa a kan ɗayan, leɓɓansa suna motsi. Na kafa masa ido. Ya ce su da hatimin fita da na shigowa suke aiki, ranar biza ba ruwansu da ita. Ya ce ina cikin shekara, amma da jirgin nan ya ƙara jinkiri kaɗan da wata maganar ake yi. Ya yi rubutu a fayil, ya sa hannu, ya ce sunana yana nan inda yake, mu je mu jira kamar kowa.

Na so in yi godiya, Larabcin bai dawo ba tukuna, sai kai kawai nake ɗagawa. Jami'in ya miƙa wa Malam fasfona, ya je ya buɗe mana ƙofa da kansa. Da zan wuce sai ya ɗan sunkuyar da kai, ya nuna hanya da ladabi, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Bismillah, ya Hajja. Bara."

A mota na roƙi Malam kada ya gaya wa kowa, ya ce wa zai gaya wa. Kafin la'asar masu aikin gona a Awali sun ji, kafin magariba Hajiya Kaltume ta shigo da tawul a kanta tana nuna mini ƙofar gidana. Jinsiyyar ta fito bayan wasu shekaru, da sunana a ciki, amma a Bani Harisa sunan da ya bi ni daban ne. Hajiya Barra. Idan baƙi suka zauna wa mace har abinci ya ƙare ba su da niyyar tashi, sai ta ce a kira mata ni.

Abin da na koya bai da yawa. Mutum zai iya shekara ashirin yana tara yaren mutane, amma ranar da tsoro ya kama shi, da yaren uwarsa zai yi magana, kuma ba zai nemi izininsa ba. Wannan ba ni da maganinsa. Hannun dai shi nake iya tsarewa. Tun daga ranar, duk ofishin da na shiga, ko na asibiti ne, sai na fara duba inda ƙofa take, sannan in cusa hannuwana biyu cikin abaya in riƙe ɗaya da ɗaya.